Besbol na Amurka, Agusta 2021: Braves sun hau saman rukunin Gabas, sun farfaɗo da gaske, ko raunin abokan karawa ne?

Baban Hanifa, Marietta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren Lahadi ne, 22 ga Agusta 2021, na dawo daga aiki na kasa kwanciya sai na yi wannan magana. Yau Atlanta Braves sun sake cin Baltimore, wasa tara ke nan a jere, duk kuma a gidan mutane: uku a Washington, uku a Miami, uku a Baltimore. Mun ci 68, an ci mu 56, muna gaban Phillies da wasa biyar.

Ku tuna inda muke ranar Asabar 10 ga Yuli. Ina tuƙi, rediyo na kunne, aka ce tauraronmu Ronald Acuña ya bi ƙwallon da Jazz Chisholm ya buga can bayan fili a Miami, ya yi tsalle, ya diro a kan ƙafar dama ya kasa tashi. Na gangara gefen titi na buɗe waya na ga ana fitar da shi a ƙaramar mota yana hawaye. Jijiyar gwiwa ta tsinke, shi da fili sai baɗi. Yaron da ya riga ya buga hom-ron 24, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili, tun kafin a raba kaka biyu. A ranar na ce a raina shi ke nan, a tattara a jira wata shekara. Aka tafi hutun tsakiyar kaka mun ci 44, an ci mu 45.

Abin da nake so mu tattauna shi ne: ni dai na yi imani ba sa'a ce ta kawo mu nan ba, shawarar Alex Anthopoulos ce, babban manajan da ke kula da saye da sayar da 'yan wasan ƙungiyar, da ya ƙi sayar da 'yan wasa lokacin da kowa ke cewa ya sayar. Kuma ina ganin kambun rukunin Gabas namu ne bana, karo na huɗu a jere.

Ɗan Kumasi, Bronx:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa ina tayaka murna, amma bari in faɗi gaskiya ko da kowa ya san ni ɗan Mets ne. Su wa kuka ci a taran nan? Nationals sun sayar da Max Scherzer da Trea Turner ga Dodgers a ƙarshen Yuli, yara suka rage musu. Marlins suna ƙasan teburi. Orioles kuwa yau wasa 18 ke nan a jere ana cin su. Mu a daidai wannan lokacin da Dodgers da Giants muke fama, ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa ƙarfi a bana. Ku zo ku haɗu da su tukuna mu gani.

Baban Hanifa, Marietta:
Ban musa ba ɗan'uwa, masu rauni ne. Amma a Mayu da Yuni irin waɗannan masu raunin ne suke cin mu. Marlins ɗin nan da ka raina sun sha ba mu wahala a farkon kaka. Kuma dubi Phillies, satin nan suka je Arizona aka share su wasa uku, Arizona da ke ƙasan kowa a ɓangarenmu. Cin mai rauni kullum ba tare da tuntuɓe ba shi ma aiki ne.

Ɗan Fagge, Kano:
Don Allah manyanmu ku yi mini haƙuri. Ni ƙwallon ƙafa na sani, yayana da ke Atlanta ne ya sa ni a nan, har na fara tashi cikin dare ina kallo. Abu biyu sun shige mini duhu. Me ake nufi da wasa biyar a gaba, maki ne? Kuma me ya sa ake ta maganar cin rukuni, ba wanda ya fi kowa maki ne ke ɗaukar kofi ba kamar a Firimiya?

Maman Walid, Lawrenceville:
Ƙanina, babu laifi, mu ma da tambaya muka koya. A besbol babu maki uku, babu kunnen doki, ko dai ka ci ko a ci ka; zagaye tara ake yi a wasa, in an yi canjaras a ƙara zagaye. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga Afrilu zuwa farkon Oktoba, kusan kullum ana fili. Ƙungiyoyi 30 ne, an raba su ɓangare biyu, kowane ɓangare rukuni uku, kowane rukuni ƙungiya biyar. Namu shi ne Gabas na ɓangaren National: Braves, Phillies, Mets, Marlins, Nationals. Wasa biyar a gaba kuwa ma'anarsa sai mun faɗi sau biyar su kuma sun ci sau biyar kafin su kamo mu.

Wanda ya ƙare a saman rukuni yana da kujera kai tsaye a wasannin fitar da gwani na Oktoba. A tsarin 2021 akwai wasu kujeru biyu a kowane ɓangare da ake ba waɗanda suka fi yawan nasara cikin waɗanda ba su ci rukuninsu ba, su biyun su kara wasa ɗaya tak, wanda ya faɗi ya tafi gida. To bana wannan ƙofar ta yi mana ƙunci, don tsakanin Giants da Dodgers duk wanda bai ci rukunin Yamma ba ya riga ya kama ɗaya, ga Padres da Reds suna rububin ɗayar. Shi ya sa ka ji hankalinmu duka yana kan rukuni.

Ɗan Fagge, Kano:
Na gode Anti, yanzu na fahimta. Matsalata kawai lokaci, in an fara bakwai da minti ashirin a wajenku nan sha biyu ta wuce.

Alhaji Na-Greensboro:
Baban Hanifa, ni na girme ka a kallon ƙungiyar nan. Tun zamanin manyan masu jifanmu Maddux da Glavine da Smoltz nake tare da su, lokacin da suka ci rukuni sau 14 a jere daga 1991 zuwa 2005. A cikin sha huɗun nan sau nawa aka ɗauki babban kofi? Sau ɗaya, 1995, a kan Cleveland. A 2011 mun shiga Satumba da tazarar fiye da wasa takwas a neman kujerar Oktoba, muka zubar da ita a daren ƙarshe, St. Louis suka wuce. A 2019 St. Louis ɗin dai suka zura mana goma a zagayen farko na wasan yanke hukunci, a gidanmu. Bara muna gaban Dodgers uku da ɗaya, saura wasa guda mu je World Series, wato karon ƙarshe na babban kofi, suka cinye ukun da suka rage. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ina jin daɗin abin da nake gani, amma saura wasa 38, kuma wasa biyar a Agusta sati ɗaya mara kyau ya ishe shi ya narke.

Baban Hanifa, Marietta:
Alhaji, girmanka ne, kuma duk abin da ka lissafa ya faru, na 2019 ma ina kallo da idona. Amma ka ba ni dama in faɗi abin da ya bambanta.

Ba Acuña kaɗai muka rasa ba. Mike Soroka jijiyar dunduniyarsa ta sake tsinkewa a Yuni, bai yi jifa ko ɗaya ba bana. Travis d'Arnaud ya ji ciwo a babban yatsa tun 1 ga Mayu, muka yi wata uku muna canza masu tarar ƙwallo a bayan mai bugu. Marcell Ozuna ya karya yatsu, sannan aka kama shi kan rikicin cikin gida, bai dawo ba. Huascar Ynoa yana cikin ganiyarsa ya naushi benci don fushi ya karya hannunsa na jifa. Wato biyu daga cikin mutum ukun da aka tsara su tsare bayan fili a farkon kaka, Acuña da Ozuna, babu su.

Mai kuɗi da yawa zai je ya sayo babban tauraro. Mai tsoro zai sayar da gogaggen mai jifanmu Charlie Morton ya karɓi yara. Anthopoulos bai yi ko ɗaya ba. Kwana biyar bayan raunin Acuña, 15 ga Yuli, ya ɗauko Joc Pederson daga Cubs. Wannan ba don bugunsa kaɗai ba ne, saƙo ne ga su Freddie Freeman, jagoran 'yan wasanmu, cewa ofis bai sare ba. Sai ranar rufe kasuwa, Juma'a 30 ga Yuli, cikin 'yan sa'o'i ya kawo Adam Duvall daga Miami, Jorge Soler daga Kansas City, Eddie Rosario daga Cleveland, da mai jifa Richard Rodríguez daga Pittsburgh. Me aka bayar? Pablo Sandoval da bugu ya daina yi masa, Alex Jackson, Bryse Wilson, da wasu yara na ƙananan ƙungiyoyi. Ko ɗaya daga cikin manyan yaran da ake ji da su bai fita ba. Mutum huɗu aka haɗa don su toshe ramin mutum ɗaya, kuma ramin ya toshe.

Malam Direba, Clarkston:
Ni ranar da aka ce Soler na ji haushi. Mutumin da matsakaicin bugunsa bai kai .200 ba a Kansas City, wato ko bugu ɗaya cikin biyar ba ya samu, na ce me za a yi da wannan. Sai wani fasinja da na ɗauka daga filin jirgi, dattijo sanye da hular Royals, ƙungiyar Kansas City, ya ce mini in lura, a makonni biyun ƙarshe kafin a sayar da shi ya fara dawowa hayyacinsa, kuma kar in manta shi ne ya buga hom-ron 48 a 2019. Gaskiyar dattijon nan ce. Abin da ya fi burge ni yanzu ba ƙarfinsa ba ne, haƙurinsa ne. Ba ya bin ƙwallon da ta kauce, yana tsayawa har mai jifa ya gaji ya ba shi hanya kyauta zuwa tashar farko cikin huɗun da ake zagayawa, sai Freeman ya zo ya tarar da mutum a tasha.

Ɗan Kumasi, Bronx:
Duvall kuma ai naku ne kuka sake shi bayan kakar bara, ya je Miami ya riƙa dukanku, kuka dawo kuka biya don ku karɓo shi. Wannan gyaran kuskure ne, ba basira ba.

Maman Walid, Lawrenceville:
Gyaran kuskure ma ai sai mai hankali, Ɗan Kumasi. Wasu da sun ƙi don kar a ce sun yi kuskure.

Amma Baban Hanifa, a nan na ɗan saɓa da kai. Kana ba ofis yabo da yawa. Ni a ganina 'yan cikin fili huɗun nan ne suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa: Freeman, Albies, Swanson, Riley. Kusan kullum suna fili, ba hutu. Austin Riley da a Afrilu mutane ke cewa a mayar da shi ƙaramar ƙungiyarmu ta Gwinnett, nan kusa da gidanmu, yanzu shi ne ke bugu na huɗu. A da duk ƙwallon da ta lanƙwasa ta yi waje sai ya kai mata sanda. Bana ya koyi ƙyale ta, yana kuma tura ƙwallo ɓangaren dama maimakon ya ce dole sai ya ja ta hagu. Swanson tun bayan hutu kamar an canza shi. Freeman kuwa ranar Laraba a Miami ya haɗa duk huɗun a wasa ɗaya, bugun tasha ɗaya, na biyu, na uku da hom-ron, karo na biyu a rayuwarsa. Da waɗannan ba su tashi ba, da sababbin sun zo sun tarar da gida a rushe.

Walid ɗina shekararsa tara, rigar Acuña mai lamba 13 yake sakawa wajen atisayensu na yara. Bayan raunin nan sati guda ya ƙi kallon wasa, ya ninke rigar ya sa a ƙasan durowa. Daren da Albies ya buga hom-ron ɗin da ya ƙare wasa da Reds a zagaye na 11, na ji ihu daga falo, ashe ya saci jiki ya kunna talabijin. Washegari da rigar ya tafi makaranta.

Baban Hanifa, Marietta:
Allah ya raya mana Walid. Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ki tuna huɗun nan suna nan tun Afrilu, kuma har aka shiga Agusta ƙungiyar ba ta taɓa kwana da nasara fiye da faɗuwa ba ko sau ɗaya. Bayan hutu kusan mako uku muka yi, yau mu ci gobe a ci mu, kamar an ɗaure mu da igiya. Dalili shi ne in mai jifa ya wuce mutum huɗu ko biyar na farko sai ya huta, na ƙasa ba sa tsorata kowa. Yanzu da Soler da Duvall da Pederson, ga d'Arnaud ya dawo, babu inda zai huta daga na ɗaya har na takwas. Sai da aka yi haka muka je St. Louis muka share su wasa uku, igiyar ta tsinke.

Maman Walid, Lawrenceville:
To wannan na yarda. Abu biyun ne suka haɗu.

Alhaji Na-Greensboro:
Duk kuna maganar masu bugu. Ni zagaye na tara ne ke hana ni barci. Will Smith in ya shigo rufe wasa sai na tashi tsaye. Ranar 7 ga watan nan muna gaban Nationals a gida, saura kaɗan a tashi, ya ba da hom-ron muka faɗi uku da biyu. Wasan da Freeman ya yi bajintar nan ma, da muka yi nisa sosai, sai da aka ƙare 11 da 9. Da Orioles kana iya yin haka ka tsira. Da Dodgers ba za ka tsira ba. Ni da za a ji tawa, kocinmu Brian Snitker ya gwada Rodríguez ko Tyler Matzek a na tara.

Malam Direba, Clarkston:
Alhaji, Snitker ba zai canza ba. Mutumin nan ya fi shekara arba'in a cikin ƙungiyar, tun daga ƙananan matakai, kuma halinsa ke nan, in ya ba ka aiki ba ya ƙwacewa don ka yi tuntuɓe sau biyu. Wani lokaci yana ƙona mana rai, amma ina ganin shi ya sa ɗakin 'yan wasa bai watse ba a Yuni. Kuma masu fara jifa sun rage wa na canji nauyi. Max Fried ranar Juma'a shi kaɗai ya jefa zagaye tara a Baltimore, jifa 90, ba a ci shi ko ɗaya ba. Morton yana nan daram da shekarunsa 37. Ynoa ya dawo, Ian Anderson yana hanya.

Ɗan Kumasi, Bronx:
Bari in faɗi tawa damuwar, don abin yana ci mini rai. Mun fi wata uku muna saman rukunin nan. Jacob deGrom yana jifan da ban taɓa ganin irinsa ba, matsakaicin cin da ake yi masa a zagaye tara 1.08, sai hannu ya hana shi tun 7 ga Yuli. Lindor ya ji ciwo bayan hutu. Aka kawo Javier Báez daga Cubs, shi ma bai daɗe ba ya kwanta. Muka je Philadelphia aka share mu, Zack Wheeler da ya bar mu ya hana mu cin ko ɗaya a wasan ƙarshe. Har mai ƙungiyar, Steve Cohen, ya fito a Twitter yana kuka da masu bugunsa. Lokacin da ku da Phillies kuke rarrafe a Mayu da Yuni ya kamata mu yi nisa, ba mu yi ba. Da mun buɗe tazarar wasa goma, da Anthopoulos ɗinku sayarwa zai yi, ba saye ba. Mu muka bar muku ƙofa a buɗe.

Baban Hanifa, Marietta:
Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da aka yi a daren nan, kuma na karɓe ta. Da a Yamma muke, da tuni an manta da mu. Amma ƙofar a buɗe take ga Phillies ma, har sun ci takwas a jere a farkon wata sun hau sama, suka kasa zama.

Bamaraɗe, Philadelphia:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kar ku yi saurin binne mu. Bryce Harper tun bayan hutu babu mai bugu kamarsa a ɓangaren nan, ga Wheeler, ga Kyle Gibson da muka ɗauko daga Texas. Ku duba jadawali. Ku gobe Yankees, ƙarshen mako Giants, daga nan ku tashi zuwa Los Angeles wajen Dodgers, sai Denver inda Rockies ba sa wasa da baƙo. Mu kuwa a Satumba akwai Orioles da Pirates da Cubs da Marlins a gabanmu. Rabonmu da wasan Oktoba tun 2011, garin nan a ƙishirwa yake. In muka rage tazarar ta dawo biyu ko uku, muna da wasa uku da ku a Atlanta daga 28 zuwa 30 ga Satumba. A can za a raba gardama.

Alhaji Na-Greensboro:
Ka ji abin da nake faɗa. Kwana goma sha huɗun nan masu zuwa su ne awo. In muka fito daga Denver da tazarar wasa uku ko fiye, ni da kaina zan dawo nan in ce Baban Hanifa ya fi ni gani.

Akwai abin da ke raina kuma, ko da ba lissafi ba ne. A watan Janairu Hank Aaron ya rasu, Phil Niekro kuma ƙarshen Disamba, dukansu tsofaffin taurarin Braves. Na taɓa ganin Aaron daga nesa a tsohon filin Turner, ana tura shi a ƙaramar mota yana ɗaga wa mutane hannu, filin gaba ɗaya ya miƙe. Duk wasan gida in kyamara ta haska lambarsa 44 da aka zana a ciyawar tsakiyar fili sai jikina ya yi sanyi. Ina so a ce a shekarar da ya tafi ƙungiyarsa ba ta miƙa wuya ba.

Ɗan Fagge, Kano:
Baba Alhaji, to shi Acuña in an kai Oktoba ba zai iya dawowa ba?

Maman Walid, Lawrenceville:
A'a ƙanina, an yi masa tiyata, irin ciwon nan wata tara zuwa goma yake ɗauka, kamar yadda ka sani a 'yan ƙwallon ƙafa. Wanda muke jira yanzu Rosario ne, da ciwon gefen ciki aka sayo shi, bai buga mana ko ɗaya ba tukuna. In ya warke Snitker zai sami mutum huɗu a gurbi uku, ya zaɓa gwargwadon hannun mai jifan ranar, na dama ko bahago.

Malam Direba, Clarkston:
Ni abin da ban so a manta ba, kwantiragin Freeman bana yake ƙarewa kuma har yau ba a sa hannu ba. Ranar Juma'a aka ƙara wa d'Arnaud shekara biyu, na ce to mutumin da ya zauna da mu duk shekarun da ake cin mu 90 a kaka fa? Shi ne gwarzon ɓangaren nan a bara. A biya shi tun kafin wasu su zo da jakar kuɗi.

Baban Hanifa, Marietta:
Wannan muhawara ce ta daban Malam, kuma ina bayanka ɗari bisa ɗari, mu buɗe ta cikin mako. Bamaraɗe, na rubuta 28 ga Satumba, in Allah ya kai mu ka sauko Atlanta, masaukinka yana wajena.

Gobe Yankees za su zo filinmu na Truist Park su ma da tara a jere, mu da tara, dole ɗaya ya karye. Ynoa ne zai fara mana. Na sayi tikiti huɗu a saman ɓangaren dama, ni da Hanifa, saura biyu. Hajiya, in baban Walid ya amince ku kawo shi, sai mu haɗu wajen mutum-mutumin Aaron da ƙarfe shida da rabi. Magariba za ta riske mu a ciki, zan taho da darduma.

Maman Walid, Lawrenceville:
Ya amince, shi zai kawo shi in ya tashi aiki. Ban gaya wa Walid ba tukuna, sai da safe, in ba haka ba yau babu mai barci a gidan nan. Allah ya saka da alheri.